Ki Riƙe Shi da Hira

Na ga saƙonninku 'yan uwa, na kuma gode. Wata ta rubuto mini wai, "Auta kin yi dace, iyayenki sun fi ki son saurayin nan." Wata kuma ta ce ita da za ta samu gidan da uwa ce da kanta take tura ta wajen hira, da har sadaka sai ta yi. To ku gyara zama. Ni ma da haka na ɗauka, har yanga nake yi wa ƙawayena. Yau zan faɗa muku abin da ke ƙarƙashin wannan son, kuma duk wadda ta ga dama ta zage ni a ƙasa, wallahi ba zan goge ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, bari in taƙaita. Garinmu ƙarami ne. Duk ruwan da ya fita daga banɗaki da wurin wanke-wanke na kowane gida, bututu ɗaya yake bi ta ƙarƙashin titi ya tafi bayan gari, inda hukuma ta haƙa tafki uku ta zagaye su da shingen waya. Na farko mai zurfi ne, baƙi ƙirin, nan ƙazanta take kwanciya. Idan ya cika sai ya tsiyaya zuwa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. Na ukun nan kore ne shar, kuma shi ne mai tsabta, shi hukuma ta yarda masu lambu su ɗiba. Mutumin da yake kula da tafkunan nan shi kaɗai, shi ne wanda zan aura. A wayata Mai Tafki na rubuta masa, shi kuma yana ce mini Ranki Ya Daɗe ko da faɗa muke yi.

Dogo ne siriri, mai yawan shiru, amma ku taɓo masa zancen ruwa ku ga ikon Allah. Ya taɓa ɓata mini yamma guda yana bayanin wai rana da gansakuka su ne ma'aikatansa, shi mai gadinsu ne kawai. Na ce masa, "Wasu ana kai su shan iska, ni an kawo mini karatun gansakuka." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin ya zo gidanmu sai ya yi wanka a ɗan ɗakinsa na bakin tafki, ya saka farar rigarsa mai dogon hannu, ya fesa wani turare mai ƙamshin lemo. Hannayensa kullum a bushe suke saboda yawan sabulu.

Ranar da ya fara zuwa, na zata Baba zai kore shi saboda irin aikinsa. Ina! Baba da kansa ya ɗauko masa kujerar roba, ya goge ta da hannun rigarsa, yana cewa, "Zauna ɗana, nan gidanku ne." Ummata kuwa tun daga lokacin ta zama mai kula da kwalliyata. Rana na fara sanyi za ta leƙo ɗakina.

"Ke Auta, wannan tsummar za ki saka? Ɗauko doguwar nan mai ruwan zuma. Ki ja kwallin da kyau."

Idan ya zo za ta aiko da shayi a kofunan gilashin da ba a fito da su sai an yi baƙin kunya. Ya shanye, ta ƙaro. Ya ce zai tashi, ta ɗaga murya daga tsakar gida, "Haba, tun yanzu? Auta ki riƙe shi da hira mana, kin zauna kin yi shiru kamar an aiko ki." Ni kuma sakarya sai in yi ta murmushi ina wasa da bakin mayafi, ina jin babu wadda ta kai ni gata.

Ban taɓa tambayar kaina me ya sa bayan wannan zuwan na farko, duk ranar da ya zo, Baba da Yayana ba sa gida ba. Yaya shi ne babban wanmu, tare suke noman lambu da Baba. Lambun yana gangaren bayan tafkunan, kuma shi ne cinmu, shi ne shanmu. Latas, kabeji, kokwamba, ɗan tumatir. Ni nake kaiwa kasuwa da safe.

Wata yamma na raka Mai Tafki ƙofa, ya tayar da babur ya tafi. Na juyo zan ɗauki kofuna sai na tuna na bar wayata a kan tagar ɗakin girki. Ina isa na ji muryar Umma ƙasa-ƙasa, ta juya wa ƙofa baya, waya a kunne.

"Ya tashi. Ku kashe ku naɗe, ga shi nan tafe."

Na tsaya cak. Ta juyo muka haɗa ido. Ba ta ko razana ba, ta soke wayar a ƙugu ta ci gaba da goge tukunya.

"Umma, su wa za su kashe me?"

"Kwashe kofunan nan kafin ƙuda ya taru."

Ba a jima ba Baba da Yaya suka shigo. Wandon Yaya ya jiƙe har gwiwa da wani baƙin ruwa, kuma warin da ya biyo shi na san shi, don na taɓa tsayawa a bakin tafkin farko na toshe hanci da mayafi. Nan take komai ya haɗu a kaina. Na zauna a bakin randa ba tare da na sani ba.

Baba bai ɓoye mini ba. Ya wanke ƙafa, ya zauna a kan tabarma, ya kira ni kamar zai ba ni labari mai daɗi.

"Zo nan Autata. Kin girma, gara ki sani."

Ashe tun da rafin da muke ban ruwa da shi ya ƙafe suke yi. Idan Mai Tafki ya kulle ƙofar shinge ya taho wajena, sai su zagaya ta baya da injin ban ruwa, su jefa tiyo ta saman waya cikin tafkin farko, su yi ta ja. Kafin ya koma sun naɗe tiyon, sun share sawu da reshe. Da farko mu kaɗai ne. Da maƙwabtan lambu suka ga latas ɗinmu ya yi faɗi kamar faranti, sai kowa ya kawo injinsa.

Na ce, "Baba, ai na uku aka ce a ɗiba. Wancan ruwan banɗakin gari ne fa."

Ya yi tsaki. "Na ukun me? Ruwan da aka tsotse wa ƙarfi? Ki zuba wa shuka shi ta yi ta kallonki. Baƙin nan shi ne ruwa, shi ne taki. Kuma na ukun ma yanzu ina yake? Ko gwiwar akuya bai kai ba."

"To ai don kuna janye na farkon ne ba ya isa can."

Yaya ya kwashe da dariya. "Oho, an fara karatu. Baba ka ji matar injiniya."

Baba bai yi dariya ba. Ya kalle ni sosai, ya ce, "Saurara. Idan hukuma ta ji, motar rusau za su kawo su nike lambun nan, su tafi da ni da Yayanki. Ko sun sake mu, wace mace ce za ta ƙara sayen ganye a hannunki? Me za mu ci? Ki bari a ɗaura auren nan. Idan ya zama ɗan gida ni da kaina zan zaunar da shi in faɗa masa. Suruki ba ya kai surukinsa ƙara."

"Kenan don haka kuke son sa?"

Umma ta ce, "Ji mini yarinya da rashin ta-ido. Wa ya ce ba ma son sa? Yaro mai hankali, mai ladabi. Amma son sa zai hana mu cin abinci ne? Ke dai aikinki ɗaya, ki yi kwalliya ki riƙe shi da hira. Ko za ki zaɓi bare a kan ubanki?"

'Yan uwa, tashi kawai na yi. Na shiga ɗaki na cire doguwar mai ruwan zuma na jefa ta bayan akwati, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wata magana mai daɗi da ya taɓa faɗa mini a kan kujerar robar nan, a daidai lokacin injin Baba yana aiki. Washegari na ɗauki kwandon latas na kai kasuwa kamar kullum. Wata mai goyo ta ɗaga guda tana yaba kyansa, ta ce yaranta ɗanye suke cinye shi. Na ce mata ta wanke da gishiri sosai. Iyakar jarumtata kenan.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa a wajensa. Tafkin farko ya daina kaiwa bakin da zai tsiyaya, na biyu ya ja baya, na uku ya zama taɓo. Koren nan da yake alfahari da shi ya koma wani ruwan toka. Idan iska ta juyo da yamma, wari har cikin kasuwa. Mutane suka fara yi masa habaici a hanya, masu shayi suna toshe hanci idan ya wuce. Saƙonninsa ma suka canja.

"Ranki Ya Daɗe, yau ma ya ragu. Na zagaye bango kaf ban ga inda yake yoyo ba."

"Allah sarki. Ka ci abinci kuwa?"

"Ban iya ci ba. Ruwa yana shigowa daidai, amma kamar wani yana sha. Na rasa gane kaina."

Na rubuta, "Akwai abin da nake son faɗa maka." Na goge. Na rubuta, "Ka daina zuwa gidanmu da yamma." Shi ma na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Allah zai warware." Ku faɗi duk abin da za ku faɗa, na riga ku faɗa wa kaina.

Na gwada wata dabara. Na ce masa ba ni da lafiya, kada ya zo. Na yi tunanin idan yana can ba za su samu dama ba, ruwa zai dawo, shi kenan kowa ya huta. Umma ta gano ni tun ba a je ko'ina ba. Ta karɓi wayata ta kira shi da kanta, muryar nan kamar zuma.

"Ɗana, ƙanwar taka ta warware fa, kewarka ce kawai take damunta. Ka zo ka gan ta."

Ya zo. Ya rame, wuyan farar rigar ya yi masa yawa, ko turaren bai fesa ba. Ya zauna ya riƙe kofin shayi bai kai baki ba.

"Ogana ya kira daga ofis," ya ce. "Mutanen gari sun kai ƙorafi. Za su turo masu dubawa. Ya ce idan suka zo ban san inda ruwan yake tafiya ba, in tattara kayana. Ya ce ko dai sakaci nake yi, ko kuma sayar da ruwan nake."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin." Ya yi wani guntun murmushi. "Wuri ɗaya ya rage ban duba ba. Tsakanin tafkin farko da na biyu akwai rami mai murfin ƙarfe, inda bawul yake, wato abin buɗe ruwan da rufe shi. Ina zargin bututun ya tsage a can ƙasa. Dole in shiga in gani da idona."

Na ce, "Ramin da ka ce akwai iskar guba?"

"Shi. Ƙazanta idan ta daɗe a rufe tana fitar da wata iska, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta yi yawa ma hanci ba ya jin ta, sai dai mutum ya ji ƙafarsa ta saki."

"To kada ka shiga."

"Akwai na'urar da ke gwada iskar, tawa ta lalace, na aika gyara shiru. Amma ogan ya ce zai turo mini mutum da wata. Kada ki damu, ba zan shiga ni kaɗai ba. Ina da wadda nake son in aura, ba zan yi wasa da raina ba."

Wallahi na buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshena. Na ce, "Mai Tafki, babu abin da ya tsage..." Sai labulen ƙofa ya motsa, Umma ta fito da butar shayi, idonta a kaina kamar ƙusa.

"Me ya tsage?" ta ce tana murmushi.

Ya ce, "Bututu ne Umma, na wajen aiki."

"Allah ya kyauta. Auta, zuba masa mai zafi, wannan ya huce."

Na zuba. Na cika kofin har ya zube a kan tire. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin babur ya ce, "Ɗazu kin fara magana." Na ce, "Cewa zan yi in sha Allah babu abin da ya tsage." Ya ce amin, ya gode mini da addu'a.

Na yi wa kaina alkawari zan faɗa masa kafin mutumin ofis ya iso. Na ce bari in samu Baba tukuna, in roƙe shi su dakata ko na ɗan lokaci ne. Na same shi da safe yana wasa fartanya, na durƙusa na faɗa masa zancen ramin. Ya ce, "Ai ya ce ba zai shiga shi kaɗai ba. Su shiga da na'urarsu, su ga babu komai, su fito. Kabejin nan saura kaɗan ya naɗe, idan ya rasa ruwa yanzu asarar shekara ce." Ya ci gaba da wasa fartanyarsa.

Ranar da abin ya faru, ranar zuwansa ce. Rana ta yi sanyi, Baba da Yaya suka ɗora inji a kan amalanke suka fita ta ƙofar baya. Umma ta sa na yi wanka, ta zaɓo mini wata shuɗiyar riga mai ɗinkin fulawa a wuya, ta shafa mini turarenta a bayan kunne. Na fito da kujerar roba na ajiye. Shayi ya tafasa, ya huce, aka sake ɗora shi. Babu ƙarar babur.

Wayata tana ɗaki a caji. Da na gaji da jira na shiga na ɗauko, sai na ga saƙonsa, ya jima da shigowa.

"Ranki Ya Daɗe, ki yi haƙuri yau ba zan samu zuwa ba. Oga ya ce masu dubawa gobe da sassafe za su zo, kuma mutumin da zai turo bai samu mota ba. Na buɗe murfin tun rana ya sha iska. Zan ɗaura igiya in leƙa in fito, ba zan daɗe ba. Ki ajiye mini shayina."

Innalillahi. Na kira, tana ta ringi ba a ɗauka. Na sake kira. Na rubuta masa abin da na kasa faɗa duk tsawon lokacin nan: "Kada ka shiga. Babu yoyo. Su Baba ne suke janye ruwan da inji idan kana wajena." Saƙon ya tafi, ya shiga wayarsa, ba a buɗe ba.

Na fito da gudu. Umma ta tare ni a tsakar gida. "Ke lafiya? Ina za ki da kwalliya haka?"

"Ya shiga ramin, Umma! Shi kaɗai!"

Ta dafe ƙirji. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Wayyo, su Babanki suna can, zai gan su." Na ture hannunta na fita.

Ban san na iya gudu haka ba. Takalmina ɗaya ya tsinke a wajen makarantar firamare, na cire ɗayan na jefar. Mutane suna kallona, mace da kwalliya da mayafi a hannu tana gudu ba takalmi zuwa bayan gari. Wari ya tare ni tun kafin in hango shinge. Ƙofar a buɗe take, babur ɗinsa yana jingine a jikin ɗakinsa. Na wuce ta kan bangon ƙasa da ke tsakanin tafkuna ina kiran sa.

Murfin ƙarfen yana gefe a kife. Wayarsa tana kai, a kan rigar aikinsa da ya ninke. Igiya tana ɗaure a jikin wani ƙarfe, ta sauka cikin ramin. Na durƙusa a baki na leƙa. Tsani ne na ƙarfe ya yi tsatsa, ƙasa kuma duhu, sai hasken tocila da ke kwance a can gindi tana haska bango.

"Mai Tafki! Ka fito! Babu abin da ya tsage, ka fito in faɗa maka!"

Muryata ce kawai ta dawo mini.

Sai na ji motsi a bayan shinge. Baba ne da Yaya, sun fito daga cikin ciyawa, tiyo a naɗe a kafaɗar Yaya. Suka tsallako ta inda wayar shingen ta saki. Baba ya yi zuru-zuru.

"Kun gan shi?" na ce.

Yaya ya sunkuyar da kai. "Mun zo muka ga babur ɗinsa, sai muka laɓe. Muna kallo ya ɗaura igiya ya sauka."

"Kuna kallo? Ba ku yi masa magana ba?"

"Idan muka yi magana zai tambayi me ya kawo mu da inji," in ji Yaya. "Mun ce bari ya fito ya tafi wajenki."

"Tun yaushe?"

Baba ne daga baya ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ya ɗan jima."

Na yi kan igiyar. "Ku ja! Ku ja shi!"

Yaya ya yar da tiyon ya kama, Baba ya kama bayansa, suka ja da ƙarfinsu duka har suka kusa faɗuwa da baya, don babu nauyi. Igiyar ta taho salun-alun. Bakinta ya fito a kwance. Ashe ba ta kai shi inda bawul ɗin yake ba, ya kwance ta daga ƙugunsa don ya ƙarasa.

Yaya ya ɗora hannu a ka. Na daka masa tsawa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. "Ka ɗauki babur ɗinsa ka je ka kira 'yan kwana-kwana! Ka ce iskar guba ce, su zo da abin rufe fuska! Ka tsaya asibiti ka faɗa musu!" Ya ruga. Makullin yana jikin babur ɗin, na ji ya tayar ya fita.

Da na juyo, Baba ya cire hularsa da takalmansa, ya tattare riga, ƙafarsa ɗaya har ta hau matakin farko na tsanin.

Mai Tafki ya sha faɗa mini wani abu game da irin wannan ramin, ni kuma ina jin sa ne kawai da kunnen hira. Ya ce ba kasafai yake cin mutum ɗaya ba. Na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi a kansa. Ya ce duk son da kake yi wa wanda ke ciki, ba a bin sa sai da abin numfashi, ko da yana kiran sunanka.

Na faɗa kan Baba na rungume shi ta ƙugu, na ja shi baya da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Muka zube tare a kan taɓo.

"Sake ni, Auta!"

"Ba za ka fito ba, Baba! Kai ma can za ka zauna!"

"Na ce ki sake ni! Ina kallo yaron nan ya sauka, ina kallo! Da na ce masa kai, da yanzu yana tsaye!"

Yana kuka. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Yana dukan hannuna, yana jan jiki zuwa bakin ramin, ni kuma na sarƙe yatsuna a cikinsa, na kafa dugadugaina a jikin murfin ƙarfen. Tsoho ne amma manomi ne, ƙarfinsa ya ninka nawa. Ina jin yatsuna suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

A cikin wannan kokawar ne muka ji shi. Daga can ƙasa, tari, guda ɗaya, mai rauni. Muka kasa kunne mu biyun.

"Yana da rai," Baba ya ce. "Kin ji ko? Yana da rai. Zan riƙe numfashina in ɗauko shi. Auta, mijinki ne. Ki sake ni don girman Allah."

Na kalli hanyar gari. Babu mota, babu ƙura, babu kowa. Na kalli bakin ramin. 'Yan uwa, na so in sake shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata cewa take sake shi, ai shi ya jawo, wataƙila ya iya, wataƙila su fito tare. Na kira Mai Tafki da ƙarfi, na ce ya yi haƙuri, ana zuwa, ya yi haƙuri.

Sannan na sake sarƙe yatsuna a cikin Baba, na kwantar da fuskata a bayansa, na rufe ido. Tarin bai sake fitowa ba, ni kuma ban sake shi ba.